Gwangwani Goma Sha Tara a Sahun Gaba

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa daga ka, har da sunayen wasu jikokina, amma ba zan taɓa mantawa da Azahar ɗin wata Asabar a Rijiyar Zaki ba. Ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bari ba. Allah ya yi musu baiwar riƙe abin kunyar mutum fiye da yadda suke riƙe ranar biyan bashi. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da hannuna kafin taubashina Habu ya gama lalata labarin, don a bakinsa yanzu gwangwanayen sun kai ɗari biyu, alhali goma sha tara ne cif, ni na ƙirga abina.

Bari in fara gabatar da kaina yadda ake yi a mitin. Ni ɗan boko ne. Na yi firamare har aji biyar, saura ƙiris in gama mahaifina ya ce ilimin ya isa haka kada ya yi mini yawa, ga gyaɗa tana jiran cira. Daga baya na shekara goma sha ɗaya ina masinja a wani kamfani a birni, ina ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan, kuma masana sun san ilimi yana shiga ta tafin hannu ma. Saboda haka a garinmu, can bayan Tofa, duk takardar da ta zo daga ƙaramar hukuma ni ake kawo wa. In juya ta gaba da baya, in yi gyaran murya, sannan in ce a ba wani ya karanta don ban fito da tabarau ba.

Abin ya faru ne a shekarun nan na matsi, lokacin da man fetur ya tashi sama ya ja komai ya bi shi. Kwanon masara ya zama babban mutum, sai an yi shawara da iyali kafin a tunkare shi. Buhun takin zamani kuwa sai dai mu hango shi a shago mu ɗaga masa hannu mu wuce. Ana cikin haka famfon tuƙa-tuƙa ɗaya tilo da ke garinmu ya ga shi ma ba zai iya ba, ya ajiye aiki. Ka tuƙa, ka tuƙa, ya yi tari sau biyu ya ba ka iska. Rijiyoyinmu kuma da rani ya nutsa sai laka. Mata da yara suka koma jigilar jarka daga garin maƙwabta, a je da safe a dawo hantsi ya dubi ludayi. Mai ɗakina Larai, ga ciwon gwiwa, ta koma auna mini ruwan alwala da kofin shayi. Idan na nemi ƙari sai ta ce in tuna sau ɗaiɗai ne farilla, sauran sunna ne. (Ban taɓa sanin tana da fiƙihu haka ba sai da famfo ya lalace.)

Mai gyara ya zo ya zaro bututu, ya girgiza kai, ya faɗi kuɗi. Aka yi wata guda ana karo-karo, aka kai masa, ya ce ai kaya sun tashi. Aka dawo aka sake matsa jiki, aka koma, ya ce sun ƙara tashi. Muna bin farashi yana gudu, kamar tsoho yana bin ɗan akuya a kasuwa.

Nan ne ƙungiyar samarin garinmu ta shigo. Shugabansu Sabi'u ne, wani siririn yaro mai difloma a ƙarƙashin katifa, aiki kuwa sai na gona. Tunda takin zamani ya gagara, manoma sun koma sayen sharar birni tifa-tifa ana zubawa a gona, yadda kakanninmu suke kawo ta a bayan jaki. To a cikin sharar nan akwai gwangwanayen lemo, marasa nauyin nan na sanholo, waɗanda 'yan gwangwan ke saye a kilo su kai wa masu narkawa suna zuba tukwane. Sabi'u ya ce za su bi gona-gona su tsince, su tattake, su tara a buhu. Mai gona ya huta da tarkace, su kuma su cike kuɗin famfo. Ya ce a Turance sunan abin risaikilin.

Na ce, "Sabi'u, a zamaninmu bin bola ake ce masa. Amma tunda an raɗa masa sunan Turanci, Allah ya raya."

Daga ranar na samu abin yi. Ina zaune a dakalin ƙofar gida, da na hango su da buhuna sai in ɗaga murya: "Sannunku ma'aikata! Yau a wace ma'aikatar aka kama aiki? A gaida darakta!" Su sunkuyar da kai su wuce. Ashe yaran nan suna can suna dafa mini. Wata rana sai ga su da goro da ƙwaryar fura, wai sun duba duk faɗin garin ba su ga mai ilimin zamani da gogewar ofis kamata ba, don haka sun naɗa ni Uban Ƙungiya. To wa zai yi musu da gaskiya? Na karɓa. Sai bayan kwana biyu na gane toshe mini baki aka yi, don uba ba ya yi wa 'ya'yansa tsiya a bainar jama'a.

Wata Alhamis aka kira mitin a gindin darbejiyar makaranta. Sabi'u ya tashi ya ce mai gyara ya rantse zai riƙe farashinsa zuwa Litinin, daga nan kuma ba ruwansa. Ya ce gonaki sun ƙare, an tsince su tas, kuma ko an sayar da abin da ke ƙasa, da sauran kamar buhu uku na tattakakken gwangwani kafin kuɗi su cika. Idan Litinin ta wuce, an koma gidan jiya. Wuri ya yi tsit. Ni kuma Allah ya halicce ni ba na iya ganin shiru in ƙyale shi.

Na miƙe, na gyara zaman hula, na ce matsalar yaran yanzu ƙarfi gare su amma ba su san hanya ba. Na ce gwangwani ba a gona yake ba, a gidan masu kuɗi yake. Na ce jibi Asabar ina da ɗaurin aure a Rijiyar Zaki cikin birni, gidan ƙanina Alhaji Mamuda, kuma magana ɗaya tak zan yi masa a kunne. Ni kaɗai zan kawo buhu. Da na ga idanunsu sun buɗe sai na ce ko biyu. Suka ɗauki tafi, sakatare ya duƙa ya rubuta. (Illar boko ke nan. Abin da mutum ya faɗa don daɗin baki sai a sa shi a littafi.)

Shi Alhaji Mamuda ɗan ƙanin mahaifina ne, tare muka yi kiwon awaki. Ya koma birni ya shiga dillancin filaye, yana yanka gonakin mutane fuloti-fuloti, Allah ya buɗa masa. Yana kirana Yaya, ina kiransa Alhaji, sau biyu a shekara.

Ranar Asabar na fito da farar babbar rigata daga ƙasan akwati, wadda ba ta ganin rana sai da dalili. Larai tana kallona ta ce, "Malam, tunda ka yi wa yara alkawari, ai ka ninke buhu ka tafi da shi."

Na ce, "Buhu? Ni? A ɗaurin auren ɗan Alhaji? Ke ba ki san tsarin ofis ba. Manya magana suke yi, yara su yi ɗauka."

Ta ce, "To. Allah ya kiyaye hanya." Irin "to" ɗin nan da mace ke yi idan ta riga ta ga ƙarshen labari.

Tare muka tafi da Habu, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda tun muna tsirara ba shi da sana'ar da ta wuce neman inda zan faɗi. Aka ɗaura aure da hantsi, aka zauna walima a ƙarƙashin rumfuna. Jama'a, ashe matsin nan bai san hanyar wasu unguwanni ba. Shinkafa da kaza a roba, kowa da tasa. Lemon gwangwani kuwa a manyan bahuna cikin ƙanƙara, a miƙa maka ɗaya, kafin ka gama a miƙo wani. Ni da rabona da shi tun sunan jikana na fari. Kowa ya sha sai ya jefar ƙarƙashin kujera. Abin da na saba gani shara, ranar sai na ga kowanne yana ƙyalli yana kiran sunana. Na yi lissafi da ido, na ga a rumfarmu kaɗai akwai rabin buhu.

Saura magana ɗaya tak. Na tashi na nufi inda Alhaji yake zaune da manyan baƙinsa, masu huluna a tsaye da waya bibbiyu.

"Yaya! Ka iso? Ya mutanen gida? An ba ka abinci?"

"An ba ni, Alhaji. Dama akwai wata 'yar magana..."

Ya karkato kunne. Matsalar ita ce ba shi kaɗai ya karkato ba, duk manyan nan suka yi shiru suna jiran su ji abin da dattijo ya zo da shi daga gida. Yanzu fisabilillahi, a gaban mutanen da yanzun nan suke zancen fuloti da kwangila, ta ina mutum zai fara cewa a ba shi shara? Na yi gyaran murya.

Na ce, "Dama cewa zan yi... Allah ya ba su zaman lafiya."

"Amin, Yaya, amin. A ƙara wa Yaya lemo!"

Na dawo kujerata da gwangwani ɗaya. Aƙalla an fara.

A nan ne hikimar ɗan boko ta motsa. Na ce ai ba sai an roƙi kowa ba. Telan da ya ɗinka rigar nan, Allah ya jiƙansa, ya yi mata aljihun gaba kamar rumbu. Ga aljihun 'yar ciki biyu, ga na wando. Kuma da muke shigowa na hango wani buhun siminti a bayan katanga. In cika aljihu, in zaga kamar mai neman wurin tsuguno, in juye, in dawo. Sawu goma, buhu ya cika, da yamma in ba mai mota ya ɗora a but, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Lissafin aji biyar, ba kuskure a ciki.

Na fara da nawa, na bi da na Habu. Daga nan sai in saki carbi ƙasa da gangan, in duƙa ɗauka, in haɗo da na maƙwabta. Kafin in sa a aljihu sai in ɗan matse shi da hannu, in yi tari don ya rufe ƙarar. Na yi tarin har wani bawan Allah a bayana ya dafa ni ya ce, "Baba, wannan tarin kada a yi wasa da shi, a je asibiti." Na yi masa godiya, na ɗauke nasa gwangwanin shi ma. Abin da ban lura da shi ba, masu kuɗi ba sa shanye abu. Kurɓa uku su ajiye.

Habu ya dube ni ya ce, "Kai bawana, tun ɗazu nake ganin ƙirjinka yana tasowa. Shinkafar ba ciki take tafiya ba?"

Na ce, "Ci abincinka, yau ka samu na banza."

Da na kai goma sha tara na ji ba sauran wuri, na miƙe a hankali zan zaga. Ban yi taku biyar ba na ji an kama hannuna. Alhaji ne da kansa.

"Yaya, ina zuwa? An kira salla. Zo mu je, yau kai ne babba a dangi."

Na ce, "Bari in ɗan sabunta alwala, Alhaji, ku je ina zuwa."

Sai Habu, Allah ya saka mini, ya ɗaga murya yadda rumfa uku za su ji: "Wace alwala kuma? Ba yanzu muka yi tare ba da muka wanke hannu? Ko tsufa ya fara sakinta ba ka sani ba?"

Aka yi dariya. Yanzu in na dage, na amsa laifin da ban yi ba. Haka Alhaji ya ja ni, ina takawa sannu-sannu kamar amarya, gwiwoyina a haɗe, ina addu'ar kada wani ya rungume ni.

Masallacin a ƙofar gidansa yake, sabo fil. Ƙasa duk tayil, kowane sahu da siririyar darduma. Jama'a sun cika shi sun malala har titi, don haka aka kunna lasifika, aka kafa abin maganar a gaban liman. Ni da burina in maƙale a baya kusa da takalma, sai ji nake ana "A ba dattijo hanya, Baba matso gaba." Girmamawa ba ta taɓa cutar da ni irin ranar ba. Aka tsayar da ni daidai ƙeyar liman. Alhaji a damana, Habu a haguna, sahu biyar a bayana. Ko ɓera ba zai samu hanyar fita ba.

Aka kabbarta. Ni tun tasowata sakin hannu nake yi a salla, yadda na ga mahaifina yana yi. Ranar na ɗora hannu biyu a ƙirji na danne, dannewar da ko malaman da suke koyar da ita ba su kai ni ba. Na ji Habu ya ɗan waigo da wutsiyar ido. Na ce a raina, kalla da kyau, yau na canja.

Kun san Azahar a asirce ake yin ta. Masallaci ya yi tsit, ba ka jin komai sai fanka. Ina karanta Fatiha, Allah ya yafe mini, zuciyata tana can tana lissafin abin da ke tafe. Don duk ilimina, sai a lokacin na tuna cewa a ruku'u hannu gwiwa yake komawa, kuma bakin aljihun babbar riga sama yake kallo. Mutum ya duƙa, ya kalli ƙasa.

Liman ya ce Allahu Akbar.

Na yi ƙoƙarin duƙawa rabi, irin na masu ciwon baya. Bai hana ba. Na farko ya leƙo, ya yi kamar yana shawara, ya faɗo a kan tayil. Ƙwal! Ya yi tsalle biyu, ya gangara. Kafin in ce wani abu 'yan'uwansa suka biyo shi, ƙwalalan, ƙwal, ƙwalalalan, kamar an kifar da kayan mai tallar kwanuka. Abin maganar nan da ke gaban liman ya kwashe duka ya kai wa na titi. Daga baya na ji wasu a waje sun zaci rumfa ce ta rufto.

Ɗaya ya bi ta tsakanin ƙafafun liman ya shige gabansa, ya tsaya yana juyi a wuri ɗaya, yana juyi, yana juyi, kamar ba zai taɓa gajiya ba. Wani kuma, cikin waɗanda masu kuɗi suka kurɓa suka bari, ya tsiyaye mini baƙin lemon nan mai kauri tun daga ƙirji har cinya. A kan farar riga. Ba sai na faɗa muku kamar me ya yi ba.

Kuma fa raka'ar farko ke nan. Da saura uku.

Muka tafi sujada, na aljihun wando suka karɓi aiki. Gwiwata tana sauka na ji ƙaƙas, ƙuƙus. Na ɗago, na 'yar ciki suka amsa. Duk motsin da na yi sai an ba ni amsa, na zama kamar jakin mai gwangwan. Kafaɗar Habu tana manne da tawa, ina jin ta tana rawa kamar injin markaɗe, yana wani irin gurnani ta hanci. (Har yau yana cewa ni na sa shi rama Azahar, wai alhakin yana wuyana.) Alhaji kuwa ya sandare, ko numfashinsa ba na ji. Ban taɓa sanin raka'a huɗu suna da tsawo haka ba. Na yi noman kadada da hannu, bai kai su ba.

Shi ma liman, yaro ne matashi mai kyan karatu, abin ya taɓa shi. Bayan ta huɗu sai ya miƙe zai kawo ta biyar, aka yi masa subhanallahi, ya koma ya zauna. Wato bayan sallama akwai ba'adi, sujada biyu ƙari. Ni na ɗauka aljihun ya gama amayar da abin da ke cikinsa. Ashe akwai biyu da suka maƙale a lungu suna jiran nasu lokacin. Ɗaya ya fito a sujadar farko, ɗaya a ta biyu, don kada a yi rashin adalci.

Aka sallame. Ba wanda ya ɗauko carbi. Liman ya juyo, ya dubi gwangwanin da ke gabansa, ya dube ni, ya dubi rigata, ya mayar da kai ƙasa yana cizon leɓe. Can daga sahu na uku na ji wani ya ce, "Wallahi lemo Baba ya ɗiba." Wani ya amsa, "Allah sarki. Rayuwa ce ta yi tsada, ƙauye ba daɗi yanzu." Da zagina aka yi da ya fi mini sauƙi.

Alhaji ya matso, fuskarsa kamar an mare shi, ya yi irin raɗar da kowa ke ji: "Haba Yaya. Haba Yaya! Ai da ka yi magana." Ya ɗaga hannu ya kira direbansa. "A sa wa Yaya katan biyu a mota ya kai wa iyali."

To ga ni a tsakanin ƙofa biyu, kowacce da kare a bakinta. In yi shiru, in tafi a matsayin tsohon da ya zo daga ƙauye ya saci lemo a bikin ɗan'uwansa, in samu katan biyu, Litinin ta zo ta wuce. Ko in buɗe baki, in tabbatar wa manyan Rijiyar Zaki cewa yayan Alhaji bola yake bi. Na auna, na ga ɓarawo dai ba a gyara famfo da sunansa. Na miƙe, riga tana ɗiga.

Na ce, "Alhaji, ba lemon nake so ba. Gwangwanin nake so. Wanda aka shanye."

Na manta ba a kashe lasifika ba. Na ji muryata ta fita titi ta dawo mini.

Tunda an riga an jiƙe, sai na ƙarasa wankan. Na faɗi zancen famfo, da mai gyara, da Litinin, da yaran da suka shafe wata biyu suna tonon shara a gonaki, da alkawarin da bakina ya ɗauko mini. Ina gamawa Habu ya share hawaye ya ce, "Jama'a a yi masa a hankali, Uban Ƙungiya ne. Yana bakin aiki salla ta same shi." Nan masallaci ya fashe. Har liman sai da ya juya baya.

Ni kuma ina kallon hannun Alhaji. Na ce mutumin nan a garinmu aka yanke masa cibiya, yanzu zai sa hannu a aljihu ya ce nawa ne gyaran, a wuce wurin. Ya kuwa miƙe, ya gyara riga, ya karɓi abin magana.

"Jama'a ku shaida! Duk gwangwanin da ke gidan nan, na wajen maza da na cikin gida, da na walimar mata ta gobe, na ba Yaya. Kyauta! Ko sisi kada wanda ya karɓa a hannunsa!"

Aka ɗauki kabbara. Shekarata saba'in, ban taɓa ganin an yi wa mutum kabbara don ya ba da shara ba sai ranar. Katan biyun nan kuwa, a cikin murna aka manta da su.

Na ari wayar Habu na kira Sabi'u. Kafin La'asar sai ga shi da samari biyar a bayan 'yar ƙurƙura, da buhuna. Ashe wani ɗan albarka ya ɗauki jawabina a waya ya watsa, har jawabin ya riga ni isa gida. Sabi'u ya durƙusa ya gaishe ni, fuskarsa ba alamar wasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, da ka ce magana ɗaya za ka yi, ba mu san a lasifika kake nufi ba. Wallahi Baba ka yi tashe, har a gurup ɗin 'yan Tofa an sa ka."

Na ce, "Kama buhu, ɗan nema."

Na naɗe hannun riga na shiga tsinta tare da su, don babu sauran abin da zan adana. Baƙi suka riƙa kawo mini da hannunsu: "Baba, ga naka." Wani mai ƙaton ciki ya tsaya a gabana ya ɗaga kai ya shanye nasa tas don kada ya sa ni jira. Wani maƙwabcin Alhaji da aka yi taron suna a gidansa a satin ya aiko da nasa. Zuwa yammacin Lahadi buhu huɗu muka ɗaure.

Da na shiga gida Larai ta tare ni a tsakar gida. Ta zaga ni sau ɗaya tana duban rigar, ta ce, "Cire in jiƙa. Amma ka sani, ruwan wankinta a cikin na alwalarka zan cira."

Ranar Litinin da safe ɗan gwangwan ya zo da sikelinsa da mayen ƙarfe, yana dangwala wa kowane buhu don kada a cusa masa na ƙarfe irin na tumatir. Aka auna, kuɗi suka cika, har da ɗan abin sayen man shafa wa famfon. Ana shirin tashi sai Habu ya zaro wata baƙar leda daga aljihu. Ashe mugun ya tsince goma sha taran nan daban ya ajiye. Ya ce a auna su su kaɗai, tarihi ne. Ɗan gwangwan ya rataya, allura ta ɗan yi motsi kamar mai jin kunya. Ya ƙwanƙwasa sikelin da yatsa ko ya maƙale ne, sannan ya ce, "Baba, kwatan kilo ne, da ɗan ɗoriya." Wato mutuncin da na shekara saba'in ina tarawa, da farar riga a kai, kwatan kilo.

Ranar Talata famfo ya kawo ruwa. Mata suka yi guɗa, aka ce Uban Ƙungiya ne zai fara tuƙawa, na tuƙa. Har yau yana aiki. Sai dai a masallacin garinmu, duk sanda liman ya ce a gyara sahu a kashe waya, sai an samu wani daga hagu ya ƙara da cewa a zazzage aljihu. Ba sai na faɗi sunansa ba.

Abin da na koya, kuma ku riƙe shi don da tsada na saya: kunya ba ta da nauyi, ƙara gare ta. Idan ka ɗora ta a ka tun daga bakin ƙofa, mutum biyu ko uku ne za su gani, su kau da kai. Idan ka matse ta ka cusa a aljihu, to ita za ta zaɓi lokacin fitowa, kuma ba ta fitowa sai wuri ya yi tsit. Wanda kuma ya ga lallai sai ya ɓoye tasa, ina roƙonsa don girman Allah, ya tsaya a sahun baya.